Wa Ya Ɗinka Rigar? Darasin Turanci Daga Jushi

Ɗaliban da nake koyarwa da yamma a Jushi, masu shirin WAEC da JAMB da burin shiga Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, galibinsu wuri ɗaya suke tuntuɓe: yadda Turanci ke nuna an sa wani aiki.

A Hausa abin ba wuya. Ka ce "na ba da ɗinki" ko "na sa an gyara", kowa ya gane. Amma yarinya za ta kai atamfa wurin tela a kasuwar Sabon Gari, ta dawo ta rubuta "I sewed a dress". Mai duba takarda zai ɗauka ita ta hau keken ɗinkin. Daidai shi ne "I had a dress sewn": "had", sai abin da aka yi wa aikin, sai siga ta uku ta aikatau.

In za a ambaci mai aikin, nan alƙalami ke zamewa. "Make" tilas ne, "let" izini, "have" kuwa ɗora wa wani aiki, kuma duka ukun ba sa ɗaukar "to". Saboda haka "my father made me sweep", ba "to sweep" ba. "Get" na nuna lallashi, shi ne ke tafiya da "to": "I got him to come". A kula, in an juya jimlar "make", "to" na dawowa: "I was made to sweep".

Yana damuna ƙwarai in ga yaro mai ƙoƙari ya rasa maki a kan wannan. Malamai, don Allah ku riƙa kawo misali daga tela da wanzami da bakanike, waɗanda yaran ke gani kullum.