Tsadar Muhalli da Ƙarancin Albashi a Nijeriya: Laifin Matasa ne ko na Magabata?

1.0 Gabatarwa

A al'adar Bahaushe ba a ɗaukar namiji ya cika mutum sai ya yi aure ya ajiye iyali, a nan ne ake fara kiransa magidanci. Aure kuwa ba ya yiwuwa sai da wurin zama. Bayan iyayen yarinya sun binciki asalin manemi da sana'arsa, tambayar da kan biyo baya ita ce: a ina zai ajiye ta? A biranen Nijeriya na yau, irin su Kano da Kaduna da Abuja da Legas, akwai samari masu yawa da suka haura shekara 30 ba su sami amsar wannan tambaya ba. Manya suna ganin lalaci da son jin daɗi ne suka jawo haka. Matasa kuma suna cewa magabata ne suka ci moriyar ƙasa suka bar musu kango. Wannan takarda za ta duba yadda ake samun muhalli a da, da yadda albashi da farashin gida suka yi hannun riga, sannan ta auna maganar kowane ɓangare.

2.0 Yadda ake samun muhalli a da

A zaman gargajiya, saurayi ba ya neman gida a waje. Yana noma ne a gandu tare da mahaifinsa da 'yan'uwansa, idan lokacin aurensa ya yi sai a yanka masa wuri a cikin gida a tayar masa da ɗaki. Kayan ginin duk suna kusa: ƙasa daga kududdufi, azara daga giginya, ciyawa ko kara daga gona. Aikin kuma na gayya ne, abokai da maƙwabta su taru su kwaɓa ƙasa su yi tubali. Saboda haka muhalli nauyi ne na gida gaba ɗaya, ba na mutum ɗaya ba.

Wata hanya ta biyu ta buɗe wa 'yan boko bayan samun mulkin kai a 1960, musamman a shekarun 1970 da kuɗin man fetur suka yawaita. Ƙarin albashin Udoji na 1974 ya cika aljihun ma'aikata. A lokacin jami'o'in ƙasar ba su wuce 13 ba zuwa ƙarshen shekarun 1970, don haka wanda ya gama jami'a ba ya daɗewa bai sami aiki ba, kuma manyan ma'aikata sukan sami gidan gwamnati da bashin mota. Gwamnatoci sun gina rukunin gidaje, kamar unguwar Festac a Legas a 1977, da gidaje masu sauƙin kuɗi na zamanin Shugaba Shehu Shagari, da waɗanda Gwamna Lateef Jakande ya gina a Legas tsakanin 1979 da 1983. Sai dai ya kamata a lura cewa waɗanda suka sami wannan gata 'yan ƙalilan ne. Yawancin mutanen wancan zamani manoma ne da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, ba su taɓa karɓar albashi ba balle gidan gwamnati.

3.0 Tafiyar albashi

An kafa dokar mafi ƙarancin albashi ta ƙasa a 1981, bayan yajin aikin da ƙungiyar ƙwadago ta yi, aka tsayar da naira 125 a wata. A shekarar 2000 ya koma naira 5,500, ma'aikatan tarayya kuma 7,500. A 2011 ya zama 18,000, a 2019 ya zama 30,000, sannan a watan Yuli na 2024 aka mai da shi 70,000.

Wanda ya dubi lambobin kawai zai ce ma'aikaci ya ci gaba. Amma darajar kuɗi tana ga abin da za su saya. A 1981 naira ɗaya ta fi dala ɗaya da rabi, wato naira 125 ta kai kimanin dala 200. Daga 1986, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɓullo da shirin gyaran tattalin arziki da ake kira SAP, naira ta shiga faɗuwa. A 2023 an cire tallafin man fetur ranar 29 ga watan Mayu, aka kuma saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. A lokacin da aka sa hannu a kan dokar naira 70,000, dala ɗaya ta haura naira 1,500, wato sabon albashin bai kai dala 50 ba. A watan Disamba na 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100.

Bugu da ƙari, dokar ba ta shafi kowa ba. Wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba an keɓe su, kuma ƙididdigar hukumar ta nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a ƙasar suna cikin ayyukan da ba su da rajista ne: yaran shago, masu tuƙa a-daidaita-sahu, teloli, leburori. Irin waɗannan babu wata doka da ta tsayar musu da abin da za su samu a wata.

4.0 Farashin gini da na haya

Abubuwa uku ne suka haɗu suka sa muhalli ya yi tsada: fili, kayan gini, da yadda ake biyan haya.

Fili ba ya haihuwa, mutane kuwa suna ƙaruwa. Ƙidayar 1963 ta ba Nijeriya mutum miliyan 55 da ɗoriya, ta 2006 ta ba da miliyan 140, yanzu kuma an haura miliyan 200, kuma kullum jama'a na kwarara birane. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, samun takardar shaidar mallaka kuma yana cin lokaci da kuɗi. Wannan ne ya sa talaka a Kano yake komawa ga abin da ake kira awon igiya, wato mai gona ya yayyanka gonarsa da igiya ya sayar ba tare da tsarin hukuma ba. Fulotin yana da ɗan sauƙi, amma sau da yawa ba hanya mai faɗi, ba magudanar ruwa, ba makaranta a kusa.

A birni siminti da bulo da kwano da rodi sun maye gurbin ƙasa da azara, kuma farashinsu yana bin na dala da na mai. A 2019 buhun siminti yana wajen naira 2,500, wato albashin naira 30,000 zai sayi buhu 12. A farkon 2024 buhu ya kai naira 10,000 a wurare da yawa. A wannan farashi, ko da sabon albashin naira 70,000, buhu 7 kawai za a samu. An ninka albashi fiye da sau biyu, amma abin da yake saya ya ragu.

Haya ita ce ta fi matsa wa mai ƙaramin ƙarfi, domin ana biyan ma'aikaci wata-wata, amma mai gida yana son kuɗin shekara a dunƙule, wani ma na shekara biyu. Ga kuma la'adar dillali, wadda sau da yawa kashi 10 cikin 100 ce, a wasu biranen har da kuɗin rubuta yarjejeniya. Jihar Legas ta yi doka a 2011 wadda ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, amma idan masu nema sun fi gidaje yawa, mai gida ne yake da ta cewa. Haka abin yake a Gana, inda dokar haya ta 1963 ta taƙaita kuɗin da za a karɓa tun farko ga wata shida, amma masu gidaje a Accra sukan nemi na shekara biyu.

Ana iya yin ɗan lissafi. Mai albashin naira 70,000 yana samun 840,000 a shekara. Masana harkar gidaje sukan ce bai kamata haya ta ci fiye da kashi 30 cikin 100 na abin da mutum yake samu ba, wato 252,000 ke nan. A ƙaddara an ce masa ciki da falo naira 400,000 ne, da la'ada ya zama 440,000. Sai ya tara albashin fiye da wata shida, bai ci ba bai hau mota ba, kafin ya karɓi makulli. Wannan shi ya sa dubban masu aiki a Abuja suke kwana a Nyanya da Mararaba da Masaka da Suleja. Abin da suka rage a haya sai su zuba shi a kuɗin mota da tsayuwa a cunkoso.

Bashin sayen gida ma bai zama mafita ga yawancin mutane ba. An kafa asusun gidaje na ƙasa a 1992, inda ake cire kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci domin ya sami bashi mai ruwa kashi 6 cikin 100. Amma bashin yana bukatar albashi tsayayye da takardun mallaka ingantattu, abubuwa biyu da mai awon igiya da yaron shago ba su da su.

5.0 Zargin juna

A watan Afrilu na 2018, a wani taron kasuwanci na ƙasashe rainon Ingila da aka yi a Landan, Shugaba Muhammadu Buhari ya ce yawancin 'yan Nijeriya ba su kai shekara 30 ba, kuma da yawansu ba su yi karatu ba, suna ganin tun da ƙasarsu tana da mai sai su zauna a ba su gida da magani da ilimi kyauta. Fadar shugaban ta bayyana cewa bai kira matasa malalata ba, amma kalmar "cima-zaune" ta riga ta bazu a bakin mutane, matasa suka yi ta nuna sana'o'insu a Facebook da Twitter domin mai da martani.

Abin da manya suke faɗa a zaure da majalisa bai yi nisa da wannan ba. Sukan ce yaran yanzu ba sa son fara zama a ɗaki ɗaya, kowa gida sukutum yake so. Sukan ambaci waya mai tsada, da anko, da bukukuwa masu yawa, da cacar ƙwallo, da raina ƙaramar sana'a. Matasa kuma sukan amsa da cewa waɗanda suke musu wa'azin haƙuri sun yi karatu kusan kyauta, aiki ya same su har gida, kuma lokacin da gwamnatin tarayya ta sayar da gidajenta na Abuja daga 2005, ma'aikatan da suke ciki aka fara ba dama. Sukan ƙara da cewa su kuwa yajin aikin malaman jami'a ya cinye musu kusan wata tara a 2020 da wata takwas a 2022. Hausawa na cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

6.0 Ina alhakin mutum yake tsayawa?

Maganar manya tana da ƙamshin gaskiya. Tsakanin mutum biyu masu samu ɗaya, wanda yake tattali, yake zuba adashi, ya rage kashe kuɗi a biki, zai riga ɗan'uwansa kama haya ko sayen fuloti. Gidaje da yawa a gefen birane da kaɗan-kaɗan aka gina su: bana fili, baɗi bulo, wata shekara rufi. Zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Amma tattali yana da iyaka. Mutum yana da iko a kan abin da zai kashe, ba shi da iko a kan farashin siminti ko darajar naira. Idan kaya suna tashi da kashi 30 cikin 100 a shekara, wanda ya tara kuɗin buhu 13 a farkon shekara, buhu 10 zai saya a ƙarshenta, ko da bai taɓa kwabo a ciki ba. Haka kuma tsadar aure da ake ɗora wa matasa ba su kaɗai suke yanke ta ba. Yawan akwatunan lefe, da kayan ɗakin da dole sai an sami babban wuri kafin a jera su, da sharaɗin cewa amarya ba za ta zauna gidan yawa ba, sau da yawa daga iyaye da dangi suke fitowa.

Zargin da matasa suke yi wa magabata baki ɗaya shi ma yana da rauni. Tsohon da ya yi ritaya yana jiran haƙƙinsa shekara da shekaru, ko yake karɓar fansho wanda hauhawar farashi ta cinye, a kasuwa ɗaya yake sayayya da ɗansa. A gidaje da yawa ma shi ne yake ɗauke da nauyin: ya ciyar da ɗan da ya gama jami'a bai sami aiki ba, ko ya mai da zaure ko shagon ƙofar gida ɗakin aure. Idan aka duba da kyau, bambancin da ya fi tasiri shi ne tsakanin gidan da ya mallaki fili tun yana da arha da gidan da bai mallaka ba. Ɗan gida na farko zai gaji wuri ko kuɗin haya, na biyu kuwa zai gaji biyan haya, ko da shekarunsu ɗaya kuma ƙwazonsu ɗaya.

7.0 Kammalawa

An ga cewa a da gida da dangi ne suke samar wa saurayi muhalli, daga baya gwamnati ta ɗauki wannan nauyi ga 'yan ƙalilan daga cikin ma'aikatanta. A birnin yau hanyoyin biyu duk sun ƙuntata, an bar mutum da albashinsa, albashin kuma ya kasa bin farashin fili da siminti da haya. Ƙoƙarin mutum yana rage masa wahala, amma ba ya sauko da farashi. Abubuwan da za su sauko da shi suna hannun hukuma da al'umma: yanka filaye masu tsari da hanya da ruwa, sauƙaƙa takardun mallaka, ƙarfafa biyan haya wata-wata, inganta gini da tubalin ƙasa, da rage ɗawainiyar aure. Waɗannan kuwa aiki ne da ya shafi uba da ɗa baki ɗaya.