Mun Je Ɗaukar Hoton Kangaye A Ƙasar Gumel

Wata rana muna koyar da labarin ƙasa a aji shida, sai muka ambaci dalar gyaɗa. Wani yaro ya ɗaga hannu, ya tambaya ko ita ce Dutsen Dala na Kano. 'Yan ajin suka fashe da dariya. Muka ce to, wanda ya sani cikin masu dariya ya tashi ya gaya masa. Babu wanda ya tashi. Da muka bincika, ashe cikin ajin nan duka yara biyu ne kaɗai suka taɓa ganin jirgin ƙasa da idonsu, su ma daga nesa.

Abin ya tsaya mana a rai. Da hutun ƙarshen shekarar 2024 ya zo, sai mu malamai uku muka haɗa kuɗin mai, muka ari motar wani ɗan'uwa, muka nufi ƙasar Gumel da nufin ɗauko hotunan tsofaffin gine-ginen da aka bari, domin mu nuna wa yara. Kayan aikinmu ba su da yawa: tsohuwar kyamara ɗaya, da wayoyin hannu, da littafin rubutu. A ƙarshe littafin nan ya fi kyamarar amfani, kamar yadda za ku gani.

Masarautar Gumel tana arewacin Jihar Jigawa, jihar da aka cire daga Kano a 1991. Ƙananan hukumomi huɗu ne a cikinta: Gumel, da Maigatari, da Gagarawa, da Sule Tankarkar. Mangawa ne suka kafa ta wajen 1750, ta bi Barno, ba ta kuwa taɓa shiga ƙarƙashin Sakkwato ba. Fadar tana Tumbi ne a da, wadda yanzu ke cikin Nijar, kafin a dawo da ita Gumel wajen 1845. A Gumel ɗin muka sauka, kowace safiya mu fita zuwa gari guda, mu komo da yamma.

Muka fara da Gagarawa, kudu da Gumel, gama can ne tashar jirgi take. Dogo ya iso Kano a 1911, daga baya aka ja reshe zuwa gabas, ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori, har ya kai Nguru a 1930. Gumel kanta dogo bai bi ta cikinta ba. Saboda haka gyaɗar ƙasar, da fatu, da ƙaro, sai a ɗora wa jakuna da raƙuma, daga baya kuma manyan motoci, a kai su tasha. Shi ya sa har yau akwai Gagarawa Gari, akwai kuma Gagarawa Tasha. Jirgi ne ya haifi ta biyun.

Mun isa da sassafe, hazo bai gama tashi ba. Ƙarafan dogo sun yi tsatsa, a wasu wurare rairayi ya rufe su, awaki kuwa suna kwance a kai ba abin da ya dame su. Ɗayanmu ya ɗaga kyamara zai fara aiki, sai wani saurayi ya zo ya tambaye mu ko wa ya aiko mu. Gaskiyarsa ne. Mun yi kuskuren baƙo, mun shiga gida ba sallama. Muka mai da kyamara jaka, muka roƙe shi ya kai mu wurin mai unguwa. Bayan gaisuwa muka faɗi ko mu su wane ne da abin da ya kawo mu. Mai unguwa ya yi murmushi, ya aika a kirawo mana wani dattijo wanda ya yi dako a tashar tun yana saurayi.

Da zuwan Baba sai wurin ya sake kama. Abin da muke gani bango ne kawai da ƙofa marar ƙyaure, shi kuwa yana ganin sito cike da buhuna. Ya nuna mana inda sikeli yake tsayawa, da inda malamin awo yake zama da littafinsa, da gindin bishiyar da mata suke sayar da fura da ƙosai. Ya ce lokacin kaka ba a barci a tashar, 'yan dako suna ta hawa da sauka da buhu a ka har asuba, ana biyansu da sule da kwabo. Ya kama hannun ɗayanmu ya ɗora bisa wani dandamalin siminti, ya ce nan ne tarago yake tsayawa a yi lodi. Da ba domin shi ba, da mun ɗauka tsohon masallacin waje ne, ko kuwa mu wuce ba mu kula ba.

Yaya aka yi wannan harka ta mutu? A shekarun 1960 babu ƙasar da ta kai Nijeriya fitar da gyaɗa zuwa waje. Buhunan da jirgi bai samu kwashewa ba, su ne ake jerawa su yi tsini kamar dutse, dala guda takan ci buhu wajen 15,000. Sai fari ya zo a 1973. Kafin manoma su farfaɗo, a 1975 wata cuta da ƙananan ƙwari suke yaɗawa ta faɗa wa gyaɗa, ganye ya ƙanƙance, gona ta tashi ba ko iri. Ga kuɗin man fetur kuma sun shigo, hankalin hukuma ya koma can. Kwalta ta yi yawa, manyan motoci suka ƙwace kayan da jirgi yake ɗauka. A 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona gaba ɗaya. Ba rana ɗaya aka rufe sito ba. Bara an yi rabin lodi, bana an yi kwata, baɗi mai gadi ya gaji da jira ya koma gona.

Manoman ƙasar ba su zauna ba, sun koma ga riɗi da zoɓorodo, waɗanda ake saye ana kai wa ƙasashen waje. Amma a mota suke tafiya. Sabon dogon da aka aza harsashinsa a 2021, daga Kano zuwa Maraɗi, ta Kazaure da Daura da Katsina aka tsara shi, bai shafi wannan yanki ba.

Kashegari muka zauna cikin Gumel, muka bi tsofaffin unguwanni da ƙafa. A nan kangayen na ƙasa ne, gidajen da masu su suka mutu, 'ya'ya suka watse zuwa Kano ko Legas, ko kuwa gado ya hana kowa taɓawa. Wani magini da muka samu yana aiki kusa ya koya mana karanta kango. Ya ce ginin ƙasa ba tsufa ne yake kashe shi ba, rashin mai gida ne. Soron da aka yi da tubali, aka rufe da azarar giginya, aka shafe da makuba, yana iya wuce jikokin wanda ya gina shi, muddin ana yi masa yaɓe kafin damina, ana kuma share indararo. Ranar da indararo ya toshe, ruwa ya kwana bisa rufi, to, an fara. Ƙasar rufi ta jiƙe ta yi nauyi, kan azara ya ruɓe, sai rufi ya rufta. Daga nan bango ba shi da hula, ruwa yana cinsa daga sama, danshi yana cinsa daga gindi. Damina kaɗan sai ya zama tudu, maƙwabta su ɗebi ƙasar su yi gyaran nasu.

Ginin siminti kuwa tafarkinsa dabam. Iskar farkon damina ta yaye kwano ɗaya, ba wanda ya mayar. Ta dawo ta yaye goma. Sauran kwanon da katako da tagogi, ba iska ce take ɗaukarsu ba, kowa ya san wannan. Bango ya rage tsaye shekara da shekaru, ba ya faɗuwa, ba ya kuma amfanin kowa sai jemagu.

A wani zaure da rabin rufinsa ya tafi, muka ga bakan gizo guda yana tsaye shi kaɗai, rana tana ratsowa ta kansa. Wannan shi ne hoton da ya fi kowanne kyau cikin tafiyar. Amma muna ɗauka wata tsohuwa ta leƙo daga gidan da ke kusa, ta ce mana zauren mijin yayarta ne, a nan aka ɗaura mata aure. Kunya ta kama mu, gama mu muna ta yabon haske, ita kuwa mutanenta take gani. Muka tambaye ta ko mu share hoton. Ta ce a'a, mu dai kawo mata guda idan mun wanke.

Ranar Alhamis muka tafi Maigatari, a bakin iyakar Nijar, domin ranar ce kasuwa take ci. Wanda bai taɓa ganin wannan kasuwa ba, bai ga dabbobi ba: raƙuma, da shanu, da tumaki, da awaki, daga Nijar har Cadi, ga manyan motoci suna jiran lodi zuwa kudu. Garin ya sha wuyar rufe iyaka. An rufe a Agusta 2019, ba a buɗe ba sai Disamba 2020. Aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris 2024. Kowane rufewa yakan bar shago ko sito a kulle, wani mai shi ya dawo, wani ba ya dawowa.

Akwai kuma yankin ciniki marar haraji da aka kafa a garin zamanin Gwamna Saminu Turaki, wanda ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007. An sa masa rai ƙwarai, amma ya daɗe bai yi aikin da aka gina shi dominsa ba, gwamnatocin da suka biyo baya sun yi ta maganar farfaɗo da shi. A ganinmu irin wannan ya fi tsohon sito ban tausayi. Sito ya ci zamaninsa, ya ciyar da gidaje, akwai masu ba da labarinsa. Ginin da ya tsufa yana jiran aiki kuwa, ko dattijon da zai nuna maka inda sikeli yake babu.

A Maigatari ba mu ɗauki hoto da yawa ba, da gangan. Gari ne na iyaka, akwai jami'an kwastan da na shige da fice da sauran ma'aikatan tsaro. Mai hikima ba ya ɗaga kyamara kusa da shingensu ko ofishinsu. Abin da aka ba mu izini muka ɗauka, wanda aka hana muka bari ba gardama.

Ga masu sha'awar irin wannan tafiya, abin da muka koya ke nan. Hasken safe da na la'asar ya fi na tsakar rana, gama inuwa ce take fito da zanen bango. A tsai da mutum kusa da ginin, in ya yarda, domin mai kallo ya gane girmansa. Kada a shiga ɗakin da bangonsa ya tsage ko azara ta lanƙwasa, a kuma sa takalmi rufaffe saboda kunama da kububuwa. Kada a ɗauke kome, ko guntun ƙarfe, gama kango ma yana da mai shi. Abin da ya fi duka, a wanke hoton a takarda, a rubuta a bayansa sunan gari, da ranar, da abin da mutanen wurin suka faɗa. Hotunan bikin aurenmu da yawa sun tafi tare da wayoyin da suka lalace, mun san zafin abin.

Rana ta ƙarshe muka nufi Sule Tankarkar, yamma da Gumel. Ƙasar rairayi ce, sai layukan darbejiya da aka dasa domin tare iska da hamada. Mu malamai, abin da ya fi taɓa mu a nan shi ne wani tsohon ginin azuzuwa biyu a gefen wani ƙauye, irin waɗanda aka yi ta ginawa da gaggawa lokacin shirin UPE na 1976. An yi sabuwar makaranta gaba kaɗan, yara suna can, wannan kuwa an bar shi. Baƙin allon siminti yana nan a bango. Har yanzu ana iya ganin layukan da wani malami ya ja da fenti domin koyar da rubutu. Ɗayanmu, wanda a irin wannan aji ya fara karatu, ya tsaya gaban allon ya yi shiru, mu ma ba mu ce masa kome ba.

Kusa da wata rijiyar siminti da ta ƙafe kuma muka tarar da wani ɗan gini mai ɗaki biyu da baranda, ba rufi. Muka tambayi mutum huɗu, muka sami amsa uku. Wani ya ce ɗakin shan magani ne na zamanin En'e. Wani ya ce masaukin malamin daji ne. Sauran biyu suka ce wurin allurar shanu ne. Dukansu suka haɗu a kan cewa akwai tsohon da ya sani sarai, amma ya rasu daminar da ta wuce.

Da aka koma makaranta muka wanke hotuna 40, muka manna su a bangon aji shida, kowanne da bayaninsa. Yaron nan mai tambayar Dala shi muka sa ya karanta na Gagarawa da ƙarfi. Hoton tsohuwar Gumel kuma mun aika mata da shi ta hannun wani direba. Ya dawo ya ce ta karɓa da murna, amma bakan gizon ya faɗi a daminar 2025.

Hoton ɗan ginin Sule Tankarkar shi kaɗai ne bayansa yake fari. Idan cikin masu karatu akwai wanda ya yi aiki a ƙasar Gumel kafin 1976, ko kuwa mahaifinsa ya yi, muna roƙo ya rubuto ta hannun Edita, za mu aika masa da hoton ya duba.