TSOHUWAR FIJO A GAREJIN GIDA: JARI CE KO ABINCIN TSATSA?

SULEJA: Duk wanda ya ratsa tsofaffin unguwannin Suleja, ko ya leƙa gidajen ma'aikata masu ritaya a Kwamba, Maje da Madalla, da wuya ya gama zagayensa bai ci karo da ita ba: tsohuwar mota ƙirar Peugeot 504, wadda jama'a suka fi sani da Fijo, a durƙushe cikin gareji ko a gindin mangwaro, tayoyinta sun sace, an tokare ta da bulo, kaji sun mayar da ƙarƙashinta akurki. Shekara da shekaru ana kallon irin waɗannan motoci a matsayin tarkacen da aka rasa yadda za a yi da shi. Amma tun daga 2023, da farashin motocin da ake shigowa da su daga waje ya fi ƙarfin matsakaicin ɗan kasuwa, sai hankali ya soma komawa kan abin da ke ƙarƙashin tamfol. Tambayar da ke gaban mai irin wannan mota ta lissafi ce: idan ya zuba kuɗi ya tayar da ita, dukiya ya farfaɗo, ko kuwa jarinsa ya binne?

YADDA TA CIKA GARIN

A 1968 ne kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da samfurin 504, kuma a shekarar da ta biyo baya aka zaɓe ta gwarzuwar motar shekara a nahiyar Turai. Ƙarfin ƙafafuwanta a kan mugun hanya ne ya sa ta yi suna a Afirka, musamman bayan da ta lashe gasar tseren Safari ta ƙasar Kenya a 1975. A wannan shekara ce kuma masana'antar harhaɗa motoci ta Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ta fara aiki. Nan aka ci gaba da harhaɗa 504 har zuwa 2006, shekaru masu yawa bayan an daina ƙera ta a Faransa. Ita ce motar ofis, ita ce motar da ma'aikaci ke saye da rancen gwamnati, doguwarta ce ke jigilar fasinja tsakanin manyan garuruwa, akori-kurarta kuwa ita ke kwaso doya da masara daga ƙauye.

Suleja ta samu kaso mai tsoka na waɗannan motoci saboda tarihinta. Wannan gari shi ne ainihin Abuja, har zuwa lokacin da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa Babban Birnin Tarayya a watan Fabrairun 1976, sabon birnin ya ɗauki sunan, tsohon garin kuma ya koma Suleja don girmama Sarki Sulaimanu Barau. Ma'aikatan farko da suka zo aikin gina birnin a nan suka sauka, kuma ko bayan da gwamnati ta tare a Abuja a ranar 12 ga Disamba, 1991, dubban ƙananan ma'aikata sun ci gaba da kwana a Suleja suna sammako zuwa ofis. Motocin da suka saya, da waɗanda gwamnati ta yi gwanjonsu, da yawa a nan suka ƙare kwanakinsu.

DALILIN WAIWAYE

Abin da ya kwantar da Fijo shi ne yake neman ya tashe ta, wato darajar Naira. A farkon shekarun 1980 Naira ɗaya ta fi Dalar Amurka ɗaya. Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajarta, sassan da ake shigowa da su don harhaɗawa a Kaduna suka yi tsada, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, sai tsofaffin motocin Turai da na Japan suka mamaye kasuwa ta tashoshin Legas da Kwatano. A lokacin, sayen 'yar Beljiyam ya fi gyaran Fijo sauƙi, saboda haka aka jingine ta.

Yanzu lissafin ya juya. A ranar 1 ga Janairu, 2017 dokar hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa ta fara aiki. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Nijeriya ya saki Naira ta nema wa kanta farashi, Dalar da ake sayarwa kimanin Naira 460 a hukumance ta haura Naira 1,500 a watan Fabrairun 2024. Da yake da kuɗin waje ake sayo motar, da shi kuma ake ƙiyasta harajin kwastan, sai tsadar ta zo ta fuska biyu. A irin wannan yanayi, motar da ke cikin ƙasa, wadda ba ta buƙatar Dala ko haraji, ta cancanci a sake dubanta. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana, amma sai in zumar ba ta lalace ba.

TSATSA CE ALƘALI

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a fara da inji. Mai mota kan ɗauko bakanike, a sa batir, a wanke kafireta, a canja filogi, inji ya yi tari ya tashi, sai murna ta sa a shiga kashe kuɗi. Alhali kuwa inji shi ne abu mafi sauƙi a wannan mota. Silinda huɗu gare shi, babu kwamfuta a jikinsa, kuma ana samun na kwance a kasuwanni irin su Panteka ta Kaduna da Ladipo ta Legas. Abin da ba a samu a kanti shi ne lafiyayyen jiki.

Dalili kuwa shi ne, an ƙera ƙaramar 504 ne ta yadda jikinta shi ne ƙashin bayanta. Daɓen ƙasa, da ƙarafan da ke ƙarƙashin ƙofofi, da ginshiƙan da ke riƙe da rufi, su ne ke ɗauke da nauyin inji da na fasinja. Idan tsatsa ta cinye su, motar na iya tafiya, amma ranar da aka yi karo za ta naɗe kamar gwangwani. Tsatsa kuwa abu uku take buƙata: ƙarfe, ruwa da iska. Suleja ba ta rasa ko ɗaya ba. Daminarta na kai wa daga Afrilu zuwa Oktoba, ta fi ta Kano ko Katsina tsawo da laima, jar ƙasarta kuma idan ta manne a ƙarƙashin mota takan riƙe danshi na tsawon makonni. Motar da ta kwana cikin ruwa, kamar yadda ya faru a wasu unguwanni lokacin ambaliyar watan Yulin 2017, sai an yi mata duba na musamman. Tamfol ɗin leda da ake rufe mota da shi ma yakan tara gumi ya ƙara ɓarna.

Saboda haka gwajin farko ba ya cin ko kwabo. A ɗaga kafet, a fitar da kujerar baya, a kwashe abin da ke cikin but, sannan a bi da sukundireba ana dannawa a daɓe, da gindin ƙofofi, da mazaunin batir, da gefen gilashi, da wuraren da ƙafafun mota suka haɗu da jiki. Inda ƙarfe ya yi ja amma ya tsaya da ƙarfinsa, samfefa da fenti mai hana tsatsa sun wadatar. Inda ya huje, babu magani sai a yanke a yi waldar sabon fallen ƙarfe. Idan kuwa hujin ya kai mazaunin ƙafafu, ko ƙofofi sun daina rufuwa daidai saboda jikin ya lotsa, to hukunci ya riga ya fito: motar ta fi amfani a matsayin kayan gyaran wata.

A nan ne ake yaudarar masu saye da masu gyara baki ɗaya. Mai gyaran jikin mota da aka matsa wa ya rage kuɗi yakan toshe huji da foti, ya shafe, mai fenti ya bi da feshi, mota ta fito tana walƙiya. Damina ɗaya ko biyu sai fentin ya soma ƙuraje. Ɗan maganaɗisu ya isa ya tona asiri, domin yana kama ƙarfe amma ba ya kama foti mai kauri. Araha dai ba ta ado.

TAKARDU DA MAGADA

Kafin a kunna wutar walda akwai abin da ya kamata a warware a kan tabarma. Da yawa daga cikin waɗannan motoci na mamata ne, kuma ba a raba gadonsu ba saboda ana ganin ba su kai a yi magana a kansu ba. Ranar da ɗaya daga cikin 'ya'ya ya kashe kuɗinsa motar ta dawo sabuwa, ranar ce sauran magada za su tuna suna da haƙƙi a ciki, kuma da gaskiyarsu. Hanyar da ta fi tsafta ita ce a yi wa motar kuɗi tun tana kwance, a gaban shaidu, mai son gyarawa ya biya kowa rabonsa, a rubuta.

Haka nan a tabbatar lambar jikin mota da ta inji sun dace da abin da ke cikin takardu. An sauya tsarin lambar mota a ƙasar nan a 1992, aka sake yi masa kwaskwarima a 2011, don haka motar da ta daɗe a ajiye za ta buƙaci sabuwar rajista, da inshora, da shaidar jami'an duba lafiyar motoci. Wanda ya sauya inji ya adana rasiɗinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

LISSAFIN ƊAN KASUWA

Farashi uku ya kamata mai mota ya rubuta a takarda. Na farko shi ne abin da 'yan gwangwan da masu sayen kayan kwance za su biya shi yau, domin wannan kuɗi ne da ya haƙura da shi idan ya zaɓi gyara. Na biyu shi ne jimillar kuɗin aiki: walda, birki, tayoyi, lagireto, wayoyin lantarki, inji, fenti, kujeru da takardu, tare da ƙarin wani kaso saboda ɓarnar da ba ta bayyana sai an kwance. Na uku shi ne abin da lafiyayyar mota irinta ke yi a kasuwa. Idan na farko da na biyu suka haɗu suka zarce na uku, to abin da ake yi sha'awa ce ko tunawa da mahaifi. Wannan ba laifi ba ne, amma kada a ɗauko kuɗinsa daga jarin shago.

Amfanin yin aikin a gida shi ne ana iya raba shi daki-daki gwargwadon samu, babu kuɗin ajiya, kuma sassan mota ba sa yin ƙafa kamar yadda sukan yi idan ta daɗe a garejin kasuwa. Sai dai a bi tsari: jiki da farko, sannan birki da sitiyari, sannan inji da lantarki, fenti a ƙarshe, a lokacin rani bayan ƙurar hunturu ta lafa. A biya kowane ma'aikaci bisa aikin da ya kammala. A kuma tuna gida ne mai yara da murhu: a cire tankin mai a nisanta shi kafin a yi walda, kada kuma kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Aikin da aka fara aka watsar ya fi kowanne asara, domin motar da aka kankare wa fenti aka bari damina ta same ta, ta fi ta da saurin ruɓewa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Sai kuma batun mai, wanda shi ne babban rauninta. Lafiyayyar 504 kan sha kimanin lita 10 zuwa 12 a tafiyar kilomita 100, wato kusan zuwa da dawowa tsakanin Suleja da tsakiyar Abuja. Bayan janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta haura Naira 1,000 a Abuja a watan Oktoban 2024. A wannan farashi, wanda zai yi tafiyar kwana 22 a wata zai kashe tsakanin Naira 220,000 da 264,000, fiye da ninki uku na mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Ke nan motar ba ta dace da zirga-zirgar ofis ta mutum ɗaya ba. Inda take biyan kanta shi ne inda take ɗaukar kaya ko fasinja, musamman akori-kura a hanyoyin gona. Mayar da ita mai amfani da iskar gas, a ƙarƙashin shirin da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, na iya rage kuɗin, amma tukunyar gas tana da nauyi, ba a ɗaure ta a kan daɓen da tsatsa ta ci. A nan ma magana ta koma kan jiki.

KASUWAR KAYAN TARIHI

Akwai masu jin labarin cewa tsofaffin motoci na tsada a Turai, su ɗauka tasu ma zinariya ce. Gaskiya ne kamfanin Peugeot na da gidan tarihin motocinsa a garin Sochaux na Faransa tun 1988, kuma masu tara motocin da suna daraja 504. To amma waɗanda suka fi tsada su ne masu ƙofa biyu da masu buɗaɗɗen rufi, waɗanda kaɗan aka ƙera. Mai ƙofa huɗu da aka harhaɗa a Kaduna darajarta na ga cikar kayanta na asali: fitilu, bamba, tambari, kujeru da launin da ta fito da shi. Wanda ya sauya mata inji da na Japan ya samu motar aiki, amma ya fitar da ita daga wannan kasuwa. A cikin gida kuwa, masu shirya fina-finan da suka shafi shekarun baya da masu bukukuwa na iya zama abokan ciniki ga wanda ya adana tasa da kyau.

Abu na ƙarshe da ya kamata a sa a lissafi shi ne hannun da zai yi aikin. Makanikan da suka ƙware a kan kafireta, da masu bugun ƙarfe da ke iya fitar da siffar ƙofa da guduma, yawancinsu sun manyanta, yaran da ke koyon sana'a a yau kuwa sun fi karkata ga motocin zamani masu kwamfuta. Ƙungiyar makanikai ta ƙasa da makarantun koyon sana'a na Jihar Neja za su taimaka ƙwarai idan suka haɗa waɗannan dattawa da matasa tun da sauran lokaci. Shi kuma mai mota, shawarar ba ta wuce ya yanke hukunci kafin damina mai zuwa ba: ko ya gyara bisa lissafi, ko ya sayar wa mai iyawa, ko ya kwance ya sayar da sassanta. Barinta a gindin mangwaro shi ne zaɓin da ya fi kowanne tsada, domin kowace damina tana rage abin da za a samu.