Bagadaza: Me Ya Sa Ƙasa Ta Daina Shan Ruwan Sama?

Duk ɗan Gombe da ke zaune a Agege ko Sabon Ibadan ya san fargabar da ke zuwa da watan Agusta. Da an ce an yi ruwa mai ƙarfi a gida, sai a shiga buga waya ana tambayar ko kwari ya ƙara cin gaba. A unguwanni irin su Bagadaza, zaizayar ƙasa ta daɗe tana barazana ga gidajen mutane.

To, daga ina wannan ruwan yake fitowa?

Idan ruwa ya sauka a fili mai ciyawa da bishiyoyi, ganye ne ke fara tare shi, ya rage masa ƙarfi. Saiwoyi da ramukan gara da na tana kuma su buɗe masa hanya ya nutse. A ƙasar da aka share ƙwal kuwa, ɗigon ruwa yana dukan ta kai tsaye, ya toshe ƙofofinta, ta yi ɓawo. A kan siminti da kwalta da rufin kwano, ai ba ma maganar nutsewa.

Tun da Gombe ta zama babban birnin jiha a 1996, gonaki da yawa sun koma gidaje. Ga garin a kan gangare, ƙasarsa kuma mai yashi, ba ta da wuyar zaizayewa.

Mu yi lissafi. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 ya kai murabba'in mita 465. Ruwan sama na milimita 30 zai zuba masa kusan lita 14,000, wato durom 70. In an rufe shi duka da kwano da daɓen siminti, kusan duk wannan ruwan titi zai fita. Haɗa da na gidaje ɗari, ka ga abin da ke isa bakin kwari. Ruwan da bai nutse ba kuma, rijiya ce ta yi asararsa.

Gwamnatin jiha ta ƙaddamar da shirin dashen bishiyoyi na Gombe Goes Green a 2019, amma tsakar gidanka kai ke da iko da ita. In ka tura kuɗin gini, ka ce wa magini kada ya malale ko'ina da siminti. A bar wani ɓangare da ƙasa, a dasa mangwaro ko darbejiya, ruwan indararo kuma a tara shi a tanki.

Ruwan da ka kora daga gidanka, ƙofar na ƙasa da kai yake nufa.