Hol da Ƙodesh

Hol (da Ibrananci: חֹל) tsohuwar kalma ce ta harshen Ibrananci da ke nufin abu gama-gari, wato abin da kowa ke da damar taɓawa da amfani da shi. Kishiyarta ita ce ƙodesh (קֹדֶשׁ), abin da aka keɓe wa Allah. Waɗannan kalmomi biyu su ne ginshiƙin dokokin ibada na Bani Isra'ila, kuma suna da 'yan'uwa a Larabci da suka shigo Hausa.

Asalin kalmomin

Ibrananci da Larabci 'yan gida ɗaya ne, kuma dukansu suna gina kalmomi a kan saiwa mai baƙaƙe uku. Saiwar hol ita ce h-l-l. A Larabci wannan saiwa tana nufin kwance ƙulli, kuma daga gare ta aka samu kalmar halal. Saiwar ƙodesh ita ce ƙ-d-sh, wadda ta yi daidai da ƙ-d-s ta Larabci da ke cikin Ƙudus da Baitul Muƙaddas. Akwai wata kalma a Ibrananci da ake furta ta hol mai ma'anar yashi, amma saiwarsu ba ɗaya ba ce.

A cikin littattafan Ibrananci

Sau 7 kacal kalmar hol ta zo a Tsohon Alkawari: sau 1 a Littafin Firistoci, sau 2 a 1 Sama'ila, sau 4 a Ezekiyel. A ko'ina tana tafe ne daura da abu keɓaɓɓe.

A Littafin Firistoci 10:10, bayan mutuwar Nadab da Abihu, 'ya'yan Haruna, an ɗora wa firistoci aikin bambance abubuwa kashi biyu: ƙodesh da hol, sai kuma tame da tahor, wato mai janaba ko ƙazanta da wanda ba shi da ita. A 1 Sama'ila sura ta 21, Dawuda ya nemi abinci a garin Nob, sai firist Ahimelek ya ce ba shi da gurasar gama-gari sai keɓaɓɓiya. Ezekiyel, wanda aka kai bauta Babila a shekarar 597 kafin haihuwar Annabi Isa, ya yi bayanin katangar da ta raba haikali da fili gama-gari, ya kuma kira filin gidaje da makiyayar birni da sunan hol.

Ma'ana

Hol ba ya nufin mugun abu ko ƙazanta. Gona, kasuwa, abincin gida da kwanaki shida na aiki duk hol ne, kuma a haka kowane abu yake har sai an keɓe shi. Abin da yake hol zai iya zama mai tsabta ko marar tsabta. Abin da doka ta hana shi ne haɗuwar ƙodesh da ƙazanta.

Aikatau hillel, daga wannan saiwa, yana nufin mayar da keɓaɓɓen abu gama-gari. Idan an yi haka ba bisa ƙa'ida ba, kamar karya Asabar, laifi ne babba. Amma akwai inda doka ta yarda. 'Ya'yan sabon itace haramun ne shekara 3, na shekara ta 4 na Allah ne, sai a ta 5 mai gona zai ci. Maimaitawar Shari'a 20:6 ta yi amfani da wannan aikatau ga fara cin amfanin gonar inabi.

Bayan rushewar haikali

Romawa sun rushe haikalin Ƙudus a shekarar 70 miladiyya, amma kalmar ta ci gaba da rayuwa. A cikin Mishna, wadda aka tattara wajejen shekarar 200, akwai babi mai suna Hullin kan yanka dabba don ci a gida, ba don hadaya ba. Yahudawa suna rufe ranar Asabar da addu'ar Habdala, wadda ke raba ranar da sauran ranakun mako. A Ibranancin yau, ana kiran wanda bai damu da bin dokokin addini ba hiloni. Masanin halayyar al'umma ɗan ƙasar Faransa, Emile Durkheim, ya ɗauki irin wannan rabo a matsayin tushen kowane addini a littafinsa na 1912.

Dangantaka da Larabci da Hausa

Misali mafi kusa a Musulunci yana cikin aikin Hajji. Ana kiran ƙasar da ke wajen iyakar Haramin Makka da suna hill, shi ya sa mazaunin Makka ke fita zuwa wuri kamar Tan'im don ɗaukar haramar Umra. Fita daga harama kuma shi ne tahalluli. Sai dai halal ya fi karkata ga hukuncin aiki, hol kuwa yana magana ne kan matsayin abu.

A Hausa, halas da halatta sun fito daga h-l-l, haram da harami da hurumi kuma daga h-r-m. A garuruwan yammacin Zamfara irin su Talata Mafara, Bakura da Maradun, kamar sauran ƙasar Hausa, hurumi fili ne da aka hana mutum ɗaya mallaka, misali makabarta ko makiyaya. Cinye irin waɗannan filaye da burtali na daga cikin dalilan da ake ambata na rikicin manoma da makiyaya. Bambancin shi ne, yawanci al'umma ake keɓe wa hurumi, ƙodesh kuwa na Allah ne.

Matsalar fassara

Kalmar tsarki a Hausa tana ɗauke da ma'ana biyu: keɓewa ga Allah, da kuma wanke najasa. Saboda haka ƙodesh da tahor duka suna iya fitowa a matsayin "mai tsarki". Idan aka fassara hol da "marar tsarki", mai karatu zai ɗauka ƙazanta ake nufi, alhali abin halal ne na yau da kullum. Masu fassara suna fuskantar wannan matsala tun daga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932. Amfani da keɓaɓɓe da gama-gari a ɓangare ɗaya, da tsabta da ƙazanta a ɗaya ɓangaren, yana fito da bambancin a fili.