Saƙon da ke cewa a buɗe wa kowane mai karɓar sanarwa ƙofa

Akwai wani saƙo da ke ta zagaye tsakanin matasanmu masu koyon rubuta manhajar Android, an ɗora masa taken "Maganin matsalar Manifest". Wanda ya rubuta shi ya cakuɗa gaskiya kaɗan da ƙarya mai yawa, kuma ga dukkan alamu bai gwada ko layi ɗaya ba kafin ya tura. Masu yaɗa shi kuwa ban ga laifinsu sosai ba. Wanda ya kwana yana fama da manhajar da ta ƙi tashi, duk wanda ya miƙo masa magani karɓa zai yi.

Saƙon ya fara da cewa wai ba a iya yi wa ajin da ke cikin wani aji rajista a fayil ɗin Manifest a matsayin BroadcastReceiver, wato mai karɓar sanarwa. Ƙarya ne. Ana iyawa, sai dai da alamar dala ake raba sunayen biyu, kamar .MainActivity$MaiKarba. A Java dole ajin ya zama public static, ya kuma kasance tsarin Android zai iya gina shi ba tare da an miƙa masa komai ba. Dalili shi ne, sanarwa kan iya zuwa lokacin da manhajar ke rufe, kuma ajin cikin da ba static ba ba ya rayuwa sai uwarsa na nan. A Kotlin aji na cikin aji da ma haka yake, muddin ba ka sa masa inner ba. Batun da saƙon ya kawo cewa alamar dalar na rage wa waya gudu kuwa, bai cancanci amsa ba.

Cewar da saƙon ya yi wai Google ta hana rajista a Manifest tun daga Android 8.0 rabin gaskiya ce. A 2017 an taƙaita sanarwar gama-gari, wadda ba ta nufi wata manhaja takamaimai ba, amma an bar wasu, irin ta kammala kunna waya da ta sauya harshe. Sanarwar da aka aiko wa manhajarka da sunanta tana isowa har gobe.

Inda saƙon ya yi ɓarna shi ne shawararsa ta ƙarshe: wai duk inda ka ga receiver, ka rubuta android:exported="true", matsala ta ƙare.

Ga asalin abin. Tun daga Android 12, wanda ya fito a 2021, duk manhajar da aka gina don wannan mataki dole ta faɗi ƙarara ko mai karɓar da ke da intent-filter a buɗe yake ko a rufe, in ba haka ba ba za ta shiga waya ba. Kuskuren yana ɓacewa ko ka rubuta true ko ka rubuta false. Wannan ne marubucin saƙon bai faɗa ba. True na nufin kowace manhaja da ke cikin wayar tana iya aiko wa ajinka saƙo, har da wasan da yaro ya sauke daga wani lungu na intanet. Tamkar ka cire ƙyauren shago ne don makullin na yi maka gardama. In mai karɓar naka yana goge bayanai ne, ko fitar da mutum daga asusunsa, ko tura wani abu zuwa sabar, to ka miƙa wa baƙo wannan ikon.

Wani zai ce ai sanarwar kunna waya tsarin Android ne kaɗai ke iya aika ta. Haka ne, tana cikin masu kariya. Amma in ƙofarka a buɗe take, wata manhaja na iya kiran ajinka da sunansa kai tsaye ba tare da ta ambaci wannan sanarwa ba, kuma in ba ka duba action a cikin onReceive ba, aikin zai gudana. Kasancewar ajin a ɓoye cikin wani aji ba ya kare shi, domin sunansa na rubuce a Manifest, kuma karanta Manifest na manhajar da aka saki ba wuya.

False ba ya toshe sanarwar da tsarin kansa ya aiko, ba ya kuma toshe ta cikin manhajarka. Akwai dai wuraren da buɗewa ta zama dole, misali saƙon tes, wanda sashen waya ke aikowa. A nan sai a buɗe, a kuma ɗaura sharaɗin izini da android:permission, kamar BROADCAST_SMS, don kada kowa ya shigo. Masu rajista a cikin lambar manhaja maimakon Manifest ma ba su tsira ba: daga Android 14 na 2023 dole su zaɓi RECEIVER_EXPORTED ko RECEIVER_NOT_EXPORTED, sai dai in sanarwar tsari kawai suke jira.

Ɗan'uwa, in ka riga ka bi shawarar nan, buɗe Manifest ɗinka yau ka bi masu karɓar ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ba ka iya faɗin wace manhaja ta waje ce ke buƙatar kiransa, mayar da shi false, sannan ka gaya wa wanda ya turo maka saƙon ya yi haka shi ma.