Yadda labarin satar bijimi ya zama waƙar minti 18

A shekarar 2004 ne ƙungiyar mawaƙan The Decemberists ta birnin Portland a Amurka ta fitar da wani ɗan gajeren faifai mai suna The Tain.

Waƙa ɗaya tak ce a cikinsa, amma tsawonta ya haura minti 18, alhali gidajen rediyo sun fi son wadda ba ta wuce minti 4 ba.

Wannan kasada ce ga mawaƙan da a lokacin ba su da wani babban kamfani a bayansu. Wani ƙaramin kamfani ne a ƙasar Sifaniya, Acuarela, ya fara buga faifan.

Sunan ya samo asali daga wani tsohon labarin ƙasar Ireland, wanda rubutunsa mafi daɗewa ya kai ƙarni na 12.

A labarin, Sarauniya Medb ta yi gardamar dukiya da mijinta, sai ta tarar ya fi ta da bijimi guda. Kan haka ta tara runduna domin ƙwato wani shahararren bijimi daga yankin Ulster, inda wani saurayi ɗan shekara 17, Cú Chulainn, ya tare mata hanya shi kaɗai.

Sai dai jagoran ƙungiyar, Colin Meloy, bai bi labarin daki-daki ba. Yanayin yaƙi da makoki ya ɗauko, abin da kan rikita wanda ya zo neman tatsuniyar kanta.

Armashin faifan yana ga kiɗan. An kasa waƙar kashi 5. Wani kashin a sanyaye yake tafiya irin na waƙoƙin gargajiyar Turawa, kafin jitar lantarki da ganguna su rufto da ƙarfi. Wannan salo na doguwar waƙa mai sauye-sauye mawaƙan Birtaniya ne suka yi fice da shi a shekarun 1970, kuma daga baya aka riƙa yi masa kallon tsohon yayi.

Gajeren faifai ba ya cin kuɗi kamar cikakke, don haka nan ne mawaƙa kan gwada abin da suke shakka. Gwajin ya karɓu: a 2009 ƙungiyar ta fitar da The Hazards of Love, cikakken faifai mai ɗauke da labari guda daga farko har ƙarshe.